Abin Da Ya Hana Sojan Japan Yin Saranda

A Zariya akwai barikin soja da a ke kira Chindit, a Ikko kuma akwai Arakan da Myohaung. Sunayen nan daga yaƙin Bama suka samo asali, watau ƙasar da a ke kira Myanmar yanzu. Can ne Runduna ta 81 da ta 82 na sojan Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Da yawa daga cikinsu samarin Arewa ne, har da na ƙasashen nan namu na kudancin Zariya, Hausa kuwa ita ce harshen bariki. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne, da ƙyar a ke kama sojan Japan da rai. Ko an kewaye shi, ko harsashinsa ya ƙare, sai ya zaɓi mutuwa.

Ba a Bama kaɗai aka ga haka ba. A tsibirin Iwo Jima, cikin 1945, Japanawa wajen 21,000 suka tare sojan Amurka, amma 216 kawai aka kama kafin faɗan ya ƙare. To, mene ne dalili?

Waɗansu su kan ce halin jininsu ne. Tarihi bai yarda ba. A yaƙinsu da Rasha, 1904 zuwa 1905, Japanawa sun riƙe fursunonin yaƙi da mutunci, haka kuma suka yi wa Jamusawan da suka kama a 1914. Ashe halin nan koya musu shi aka yi.

A makaranta aka fara. Tun 1890 Sarkin Japan ya ba da wata takardar umurni a kan ilmi, wadda a ke karantawa gaban yara a ranakun biki, suna sunkuye da kai. An koya musu cewa sarkinsu zuriyar allahiyar rana ne, ran talaka kuwa nasa ne. Daga 1925 aka riƙa aika hafsoshi makarantun sakandare su koyar da fareti da riƙon bindiga. Sa'an nan cikin Janairu 1941 Ministan Yaƙi, Janar Tojo, ya fid da ƙa'idar fagen fama wadda ta mai da kamu da rai abin kunya ga soja da dukan gidansu. Yaron da ya tashi da wannan, ina zai ɗaga hannu?

Ku duba abin da koyarwan nan ta jawo. Wanda ya rena saranda dole ya rena mai yin ta. Shi ya sa suka wulakanta fursunoninsu: wajen 12,000 daga cikinsu suka mutu a aikin hanyar jirgin ƙasa tsakanin Bama da Siyam, ban da leburorin Asiya dubbai masu yawa. Japan ma ba ta miƙa wuya ba sai bayan bom ɗin Hiroshima da Nagasaki, da Sarki Hirohito ya yi magana da kansa ta rediyo ran 15 ga Agusta 1945. Duk da haka wani hafsa, Hiroo Onoda, ya ci gaba da yaƙi a dajin Filifin har 1974, sai da tsohon shugabansa ya je ya sallame shi.

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma mu ne za a ba ɗanyen. Horo da biyayya abu ne mai kyau, babu makarantar da za ta tsaya ba su. Amma in mun koya wa yaro biyayya kaɗai, muka hana shi tambaya, muka sa ya ji kunyar faɗuwa fiye da darajar ransa da na maƙwabcinsa, to, mun shirya shi domin duk wanda ya fara ba shi umurni. Sai mu tuna da wannan ran da muka ɗauki alli.