Wane ne Ubangidan Mawaƙi Mai Cin Gashin Kansa? Nazarin Rayuwar Mega Ran ta Fuskar Kiɗan Hausa

Gabatarwa

A nazarin waƙar baka ta Hausa, tambayar farko da akan yi game da makaɗi ita ce: wane ne ubangidansa? Amsarta ke fayyace abin kiɗansa da turken waƙoƙinsa da kuma inda abincinsa ke fitowa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen Bakura da aka fi jinginawa ga Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya taso cikin kiɗan noma kafin kotsonsa ya ratsa fadoji har gaban Sardauna Ahmadu Bello. Sa'idu Faru kuwa, sunansa na tafe da na Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe ƙasar Talata Mafara kafin ya zama Sarkin Musulmi. Wannan muƙala ta ɗauki tambayar ta aza ta a kan wani mawaƙin gambarar zamani na Amurka da ake ganin ba shi da ubangida, domin a gane ko cin gashin kai na nufin rashin majingina.

Gambarar Mayun Na'ura

Bahaushe kan kira wanda wani abu ya shige wa rai maye, kamar mayen ƙwallo ko mayen karatu. A Amurka akwai irin waɗannan mayu na kwamfuta da wasannin bidiyo da littattafan labarin zane, waɗanda sa'o'insu a makaranta kan mayar abin tsokana. A shekarar 2000 Damian Hess, da aka sani da MC Frontalot, ya saki wata waƙa a intanet mai suna "Nerdcore Hiphop", daga nan sunan ya bi wannan reshe na gambara. Jigoginsa ba kuɗi da motoci da faɗan unguwa ba ne. Sarrafa kwamfuta ne da taurarin wasanni da kaɗaicin yaron da aka ware.

Idan aka auna shi da ma'aunin Hausa, reshen ya fi kusa da kiɗan sana'a. Kamar yadda mai kalangu ke wasa mahauta da kalmomin da ɗan fawa kaɗai ke jin zurfinsu, haka wannan mawaƙi ke jefa sunan wani dodo na cikin wasa, zauren ya ɗauki sowa, baƙo kuma ya tsaya yana kallon ikon Allah. Ƙarancin masu sauraro a nan ba aibu ba ne, shi ne ma jarin.

Daga Aji zuwa Dandamali

An haifi Raheem Jarbo a Filadelfiya a 1977. Malamin makaranta ne, ya koyar a garinsu, daga baya kuma a Finiks ta jihar Arizona. Kundinsa na farko, The Call, ya fito a 2006 da sunan Random, kuma gambara ce irin ta kowa, mai jigon zamantakewa da imani. A 2007 ya saki kundin Mega Ran, wanda ya gina a kan amon Mega Man, wasan da kamfanin Capcom na Japan ya fara fitarwa a 1987. Sunan kundin ne ya koma sunansa.

A nan ne batun ubangida ya kunno kai. Amon da ya ara mallakar kamfanin ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta ba kamfanin damar hana shi. Mawaƙin ya sha faɗa a hirarraki cewa da saƙon Capcom ya iso, ya zaci takardar gargaɗi ce. Sai ya kasance an ba shi izini, aka kuma gayyace shi ya yi wasa a rumfar kamfanin a babban taron masoya labarin zane na San Diyego. Wanda ya san fada ba zai rasa gane wannan hoto ba: baƙon makaɗi ya wasa basarake ba da saninsa ba, maimakon kora sai aka yafa masa riga. Sai dai rigar aro ce. Kamfani ba ya ɗaukar nauyin gida da gona da doki kamar yadda sarakuna ke yi wa makaɗansu. Abin da ya bayar shi ne izini da suna, kuma abin da aka bayar da alƙalami ana iya janye shi da alƙalami.

Bayan haka ya fitar da Mega Ran 9 a 2009, da Forever Famicom a 2010 tare da mai haɗa kiɗa K-Murdock, sai Black Materia a 2011, inda ya rera labarin wasan Final Fantasy VII daga tushe. A shekarar ce ya ajiye alli ya rungumi waƙa ɗungurungum. Duk da haka ajin bai rabu da shi ba: Language Arts na 2012 labarin wani malami ne mawaƙi, kuma a 2023 ya fitar da kundin waƙoƙin yara.

Ubangida Mai Kai Dubu

Mutumin da ya bar albashi, ba shi kuma ƙarƙashin babban kamfanin waƙa, da me yake ci? Masoyansa ne suka tara kuɗin aikin Language Arts ta dandalin Kickstarter tun kafin ya fito. Yana sayar da waƙa kai-tsaye a Bandcamp, wasu na ba shi gudummawar wata-wata ta Patreon, yana yawon wasa gari-gari da tarukan masoya wasanni, inda ake sayen riguna da fayafayai hannu da hannu. Wannan kari ne, irin wanda ake yi wa makaɗi a fage, sai dai an tsara shi an sa masa lokaci.

Ubangidan bai ɓace ba ke nan, rarrabuwa ya yi. Alfanun a bayyane yake: fushin mutum ɗaya ba ya rufe wa mawaƙin ƙofa, alhali makaɗin fada kan shiga tasku idan aka tuɓe ubangidansa ko ya rasu. Amma jama'a ma na da nata sarautar. Wanda ya biya domin jin labarin Mega Man ba lallai ya yi maraba da waƙa kan wariyar launin fata ba, batun da Jarbo, a matsayinsa na baƙar fata cikin fagen da farare suka yi wa yawa a farkonsa, bai daina taɓowa ba. Ga kuma dandalin kansa, mai yankar kasonsa, mai sauya ƙa'ida ba shawara.

Shin matashin da ke Jangebe ko Bakura, wanda ya tashi da wasan ƙwallo na PlayStation a shagon haya da fassarar finafinan Indiya a waya, zai iya bin wannan sawu? Ta fuskar jigo ba abin da zai hana. Yana da rukuninsa, rukunin kuma na da zaurancensa. Gambarar Hausa ma ta riga ta samu fage, daga Ziriums a Kano zuwa ClassiQ da DJ AB, da shirye-shiryen da Nomiis Gee ya gabatar a tashar Arewa24. Cikas ɗin na wajen kari ne. Waƙa a nan ta fi yawo ta hannun masu tura wa mutane a waya, kuɗin kuma a shagon yake tsayawa. Abin da ke isa aljihun mawaƙi yawanci daga biki yake fitowa, ko talla, ko ɗan siyasa, wato ubangida mai kai ɗaya, wanda ba ya biyan kuɗi domin a wasa tauraron wasan bidiyo.