Amsoshin Tambayoyinku: Me Adabin Yara Ke Ƙara wa Mai Koyon Malanta?

Tambayarmu ta fito ne daga wata mai sauraro a Haɗeja, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ta ce, shin karanta tatsuniyoyi da littattafan yara na ƙara wa mai shirin zama malami wani abu, ko ɓata lokaci ne?

To Malama, yana ƙarawa ƙwarai. Na farko, yana gyara harshe. Duba Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937: aku ne ke ba ɗan sarki labarai, darasi na shiga ba tare da an ɗaga bulala ba. Malamin da ya laƙanci wannan salo ba ya rasa hanyar jan hankalin aji.

Na biyu, yana koya haƙuri da sauraro. Ranar da kika fita koyarwar gwaji, ki ba 'yan aji uku labarin Gizo da Ƙoƙi, ki tsaya a tsakiya, ki ce su ƙarasa. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba, za ki ga ya miƙe.

Na uku, yana mayar da ke gida. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya daga bakin jama'a ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni. Ke ma ga masunta da manoman shinkafa a fadamar kogin Haɗeja, ga tsuntsayen Baturiya. Ki zauna da tsofaffi, ki rubuta abin da suka ba ki, ki kai aji.

Da fatan kin gamsu. Allah ya ba da sa'ar karatu.