Rage Sitaci a Ƙasa Mai Tsarki: Jan Hankali ga Maniyyata Masu Ciwon Sukari

Tsarin rage sitaci, wanda likitoci da masana abinci suke ɗora wasu masu ciwon sukari da masu ƙiba a kai, shi ne mutum ya taƙaita cin hatsi da rogo da dankali da kayan zaƙi, wato abincin da jiki yake narkarwa ya koma sukari a cikin jini, ta yadda sitaci da sukarin da ya ci a yini ba za su kai giram 130 ba. Akwai kuma mai tsanani da ake kira keto, wanda ba ya wuce giram 50. A gida, inda aka san gwargwadon tuwon da za a zuba wa mara lafiya, riƙon tsarin bai cika wuya ba, amma masu aikin ba da shawarar abinci a asibiti sun saba ganin yadda yake wargajewa idan mutum ya tafi Hajji ko Umara, ya dawo da awon sukari da ya haura, ko da labarin jiri da faɗuwa a tsakiyar ɗawafi.

Abincin da baƙo ya fi samu a Makka da Madina a kan shinkafa da burodi aka gina shi. Kabsa da mandi da bukhari duk faranti ne da aka cika da shinkafa aka ɗora kaza ko naman rago a sama, alhali kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana ɗauke da sitaci kimanin giram 45, farantin gidan abinci kuwa yakan ninka haka sau biyu ko uku. Da safe ga tamis, faffaɗan burodin da ake gasawa a tanda, ga shayi mai sukari, ga dabino da ake miƙa wa mutum sadaka a ko'ina, wanda sitaci da sukarin da ke cikin babba ɗaya irin majdul sun kai giram 18. Duk da haka mafita tana cikin farantin kansa: a cinye naman da ganyen, a ɗebi 'yar shinkafa da ba ta wuce cikin tafin hannu ba, a bar sauran ga abokan ɗaki. Gasasshiyar kaza ta fi wadda aka turbuɗa a fulawa aka soya, sannan ƙwai da kifi da zaitun da cuku da laban, wato nonon da ba a sa wa sukari ba, suna samuwa cikin sauƙi. Kalmomi biyu na Larabci, bidun ruz da bidun sukkar, ma'ana ban da shinkafa, ban da sukari, suna biyan buƙata ƙwarai. Tun 2019 Saudiyya ta wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin kalori a jerin abincinsu, sai dai kalori ma'aunin ƙarfin abinci ne gaba ɗaya, ba ya nuna yawan sitaci.

Haɗarin da ya fi tayar da hankali shi ne faɗuwar sukari. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita uku, balle zirga-zirgar Mina da jifan Jamrat, kuma wanda yake allurar insulin ko yake shan ƙwaya irin glibenclamide, idan ya rage sitaci ya ƙara tafiya ba tare da an rage masa magani ba, sukarinsa na iya sauka ƙasa da 70 mg/dL, daidai da 3.9 mmol/L. Alamun faɗuwar sukari su ne rawar jiki da gumi da bugun zuciya da ruɗewa, maganinta na gaggawa kuwa shi ne giram 15 na sukari, kamar ƙananan dabino uku ko rabin kofin ruwan 'ya'yan itace, a sake awo bayan minti 15. Saboda haka dabinon da ake taƙaita wa mutum a kan tebur dole ne ya kasance a jakarsa duk inda za shi. Masu shan dapagliflozin ko empagliflozin kuma bai dace su bi keto ba, domin haɗa su na iya sa jini ya yi tsami da sinadarin keton, ko da awon sukari bai nuna hauhawa ba.

Ga kuma batun ruwa. A makon farko na rage sitaci jiki yakan zubar da ruwa da gishiri ta fitsari, zafin Makka kuwa ya haura digiri 51 a Hajjin 2024, don haka fara tsarin ana gab da tashi ganganci ne.

Ana kira ga duk maniyyaci mai ciwon sukari da ya ga likitansa makonni kafin tafiya, a daidaita masa magani da irin abincin da zai ci a rubuce, ya tafi da na'urar awo da isassun tsinkayenta, ya kuma sanar da abokin tafiyarsa alamun faɗuwar sukari da abin da zai ba shi idan ta faru.