Ɗana, in man sitiyari ya koma madara

Ɗana, tun da aka damƙa maka wannan jirgi mai inji nake son mu zauna. Yawancin masu fito da masu ɗibar yashi a nan Wudil filafili suka sani, ko injin da ake murɗa hannunsa daga baya. Naka sitiyarinsa da mai yake aiki, kuma da wuya ka sami wanda zai nuna maka sirrinsa a bakin kogi. Sai dai mu da muka tsufa a ƙarƙashin tifofin yashi mun san halin man haidirolik, don shi ke ɗaga bodin tifa, shi ke sauƙaƙa wa direba murɗa kan mota.

Bayan sitiyarin nan da kake riƙewa akwai ɗan famfo. Kana juyawa yana tura mai ta tiyo biyu zuwa silinda a bayan jirgi, sandar ƙarfen silindar ita ke karkata injin dama ko hagu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa abin da hannunka ya yi a gaba yake isa baya nan take. Ruwa ma ba ya matsuwa, kuma nan ne yaudarar take: ruwa zai shiga cikin man, jirgi ya ci gaba da juyawa lafiya lau, alhali tsatsa tana cin famfo da cikin silinda a ɓoye. Sai ranar da sitiyari ya fara tauri ko yana cijewa ake farga. In kuwa ka ji ya yi laushi, kana juyawa injin bai bi ba, wannan iska ce ko yoyo. Kada ka haɗa ciwon biyu.

Saboda haka ka riƙa duba man da idonka. Zuƙo kaɗan da sirinji, ka zuba a farar kwalba, ka ɗaga ta a rana. Mai lafiyayye garau yake, kana hango yatsanka ta bayansa. In ya yi dususu ko ya koma launin madara, ruwa ya gauraya da shi. Bar kwalbar ta kwana. Ruwa ya fi mai nauyi, da safe za ka gan shi kwance a gindi. In kana kokwanto, ɗora faifan ƙarfe a wuta ya yi zafi, ka ɗiga ɗigo ɗaya. Mai tsantsa zai bazu shiru. Mai ruwa-ruwa zai yi tartsatsi yana ƙara, domin ruwa yana tafasa a digiri 100, tun man bai fara komai ba. A tudu za ka yi wannan, nesa da tankin fetur, don Allah.

Yara da yawa daga nan sai su zubar da tsohon mai, su ɗura sabo, su ce sun gama. Ba su gama ba, kuma kuɗinsu suka zubar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to nemo tsagar tukuna. Fara da murfin wurin zuba mai: ruwan sama da ruwan wankin jirgi ta nan suke bi in robarsa ta mutu. Sannan ka koma baya ka shafa sandar silinda da yatsa. Kogin nan namu, tun daga inda Kano da Challawa suka haɗu a Tamburawa, yashi yake ɗauke da shi, balle da damina. Ƙwayar yashi in ta manne a sandar, kowace juyawa sai ta karce sil ɗin roba. Za ka ga bakin silinda ya yi danshin mai, ƙura ta lafe a kai ta yi baƙi. Sil ɗin da ya bar mai ya fita zai bar ruwa ya shiga. In sandar ta yi ramukan tsatsa, sabon sil ma ba zai daɗe ba, sai an canza ta. Ka duba galan ɗin manka kuma, wanda ake bari a buɗe cikin jirgi raɓa tana sauka a kai, da mazurarin da ke kwance cikin ruwan da ya taru a ƙasa.

In ka toshe tsagar, wankin cikin sitiyarin aikin mutum biyu ne. Kai kana gaba kana ɗura mai, kana juya sitiyari a hankali zuwa gefe ɗaya, abokin aikinka yana baya ya sassauta notin fitar da iska na silinda, ya saƙala masa siririn tiyo zuwa cikin kwalba. Kada ka bari man ya yi ƙasa a gaba, iska za ta bi. Ku yi ta yi har abin da ke fitowa ya zama garau babu kumfa, ya ɗaure, ku koma ɗaya gefen. Bayan kwana biyu na aiki ka sake zuƙowa ka gani; in da sauran fari, a maimaita. Man da kamfanin sitiyarin ya rubuta shi za ka saya, a rufe da hatiminsa. Man birki kuwa ko da kyauta aka ba ka kada ka karɓa, yana lalata robobin nan gaba ɗaya.

Tsohon man ka tara shi a jarka ka kai gareji. Masunta suna cin abinci a ruwan nan, shanun da ake kawowa kara ranar Juma'a suna sha, mutanen ƙauyukan da ke gaba har Haɗeja da shi suke rayuwa.

Abin da ya sa nake matsa maka shi ne watan Agusta da Satumba. In madatsar Tiga ta cika ta fara amai, ruwa yana zuwa da ƙarfi, kuma a ƙarƙashin gada, tsakanin ginshiƙai, babu filin jiran sitiyarin da ya cije. Ka yi wannan duba tun ruwa yana ƙasa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu ka zo da kwalbar da sirinji, mu buɗe murfin tare.