Tambaya da Amsa: Zan Iya Haɗa Laftof Biyu da Waya In Kwashe Aikina?

TAMBAYA: Ina da ɗan shagon buga takardu a Kaura Namoda, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ne. Na sayi sabuwar laftof, tsohuwar kuma zan ba ƙanena da ke koyarwa a Zurmi. A cikinta akwai aikin shekara shida, ya kai gigabayit 80, filashina kuwa ta gigabayit 8 ce, kuma ta taɓa ɗebo mini bairos. Wani abokina a Shinkafi ya ce ana haɗa kwamfuta biyu da waya kai tsaye. Gaskiya ne? Ba za su ƙone ba? Tsorona kada in salwantar da aikin mutane.

Daga Aminu, Kaura Namoda

AMSA: Malam Aminu, Allah ya sa albarka a sana'a, ya kuma saka maka da alheri kan wannan zumunci da ƙanenka. In na fahimce ka, kana son ka kwashe kaya masu yawa daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa, ba da filashi ba, ba da data ba, kuma ba tare da ka yi wa amanar jama'a illa ba.

Kwantar da hankalinka. Abokinka ya faɗi gaskiya, kuma idan ka yi amfani da wayar da ta dace babu abin da zai ƙone. Na ji daɗin tsoron nan naka ƙwarai, domin furojet ɗin ɗalibi guminsa ne na watanni, wani ma ba shi da kwafi ko'ina sai wurinka. Kwafa ba ta taɓa asalin fayil. Ko wuta ta ɗauke, ko yaro ya fizge wayar ana tsakiyar aiki, abin da ke cikin tsohuwar yana nan yadda yake, sai dai ka sake farawa. Sharaɗin ɗaya ne: Copy za ka danna, kada ka kuskura ka danna Cut.

Aikin ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Mutanen yankinku ba su manta watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara, Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, su Kaura da Shinkafi da Zurmi kuwa suka ci gaba da jira. Ko a waɗancan kwanaki wannan dabara tana aiki, saboda saƙon daga wannan tebur yake tashi ya sauka a wancan, bai biya ta turken kowane kamfani ba.

Wayar da za ka nema ita ce ta netwok, wadda ake kira Ethernet ko wayar LAN, irin wadda ka gani an jera a cibiyoyin jarrabawar JAMB. Kanta ya yi kama da na tsohuwar wayar tarho ta girke, sai dai ya fi faɗi, a cikinta kuma akwai siraran wayoyi 8. Ka ce a ba ka Cat5e ko Cat6. Mita biyu ta ishe ka, ko da yake tana iya kaiwa mita 100. Masu gyaran kwamfuta da masu kafa kyamarar tsaro sukan yanka su ɗaura mata kai a gabanka.

Wataƙila wani tsohon hannu ya ce maka sai ka sami ta musamman da ake kira crossover. A da haka ne, domin sai an sauya gurbin wayoyin aikawa da na karɓa a ɗaya bakin. Kwamfutocin yanzu suna gane hakan su daidaita da kansu, kuma ko ɗaya daga cikin biyun ce ke da wannan basira ya wadatar. Idan sabuwar taka siririya ce babu ramin netwok, akwai ɗan adafta mai USB a gefe guda da ramin Ethernet a ɗaya gefen.

Inda tsoron ƙonewa yake da tushe shi ne wayar USB mai faffaɗan kai iri ɗaya a duka bakin biyu. Kada ka haɗa laftof biyu da ita, ɗana. Kowane rami yana turo wuta ta bolt 5, in suka yi karo ana iya asarar ramin ko abin da ya fi shi. Wayar HDMI kuma hoto take kaiwa allo, ba ta ɗaukar fayil.

To ga yadda za ka yi, na ɗauka duka biyun Windows ne a kansu. Ka cika su da caji, ka hana su yin barci, ka hure ƙurar da ta taru a ramin tsohuwar, domin ƙurar hunturu takan hana waya zama daidai. Soka wayar har ka ji ƙas. Sai ka ba kowace adireshi, kamar lambar gida. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka yi danna-dama a kan Ethernet, ka shiga Properties, sannan Internet Protocol Version 4. A tsohuwar ka rubuta 192.168.50.1, a sabuwar 192.168.50.2, a layin Subnet mask kuma duka biyun 255.255.255.0. Sauran guraben ka bar su haka nan.

Daga nan ka nemi Advanced sharing settings a kowace, ka kunna Network discovery da File and printer sharing. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Windows takan ɗauki wannan haɗi a matsayin baƙon netwok, don haka sai ka kunna su har a sashen Public, in ba haka ba kowace za ta yi kamar ba ta ga 'yar'uwarta ba.

A tsohuwar, tara aikin a folda ɗaya, ka yi danna-dama, Properties, Sharing, Share. Ni na fi son ka bar izinin a kan Read, wato a gani a kwafa amma ba a iya gogewa. Koma sabuwar, danna Windows da R, ka rubuta \\192.168.50.1 sai foldar ta bayyana. Za ta tambaye ka suna da kalmar sirri, na tsohuwar kwamfutar take nufi, kuma kalmar sirrin ce, ba lambar PIN ba. Idan ba ka taɓa sa mata ba, ka sa kafin ka fara, domin sababbin Windows ba sa yarda da shiga babu ita.

Batun lokaci kuwa, idan duka ramukan masu gudun gigabit ne, gigabayit 80 kan iya wucewa cikin kusan kwata na awa a lissafi, amma tsohon faifan ajiya da dubban ƙananan fayiloli za su ja shi ya fi haka. Idan ɗaya mai gudun megabit 100 ne, ka ware kamar awa biyu. Ka kwashe folda-folda, shekara bayan shekara, ya fi sauƙin bibiya.

Waya ba ta tace bairos. Wanda ke maƙale cikin fayil zai bi shi ya ƙetara, saboda haka ka bincike tsohuwar da Windows Security tukuna, kuma takardu da hotuna kawai za ka kwasa. Manhajoji sai an girka su sabo.

In ka gama, ka gwada adadin fayiloli da nauyinsu a ɓangarorin biyu, ka buɗe wasu ka tabbata suna aiki. Ka kashe sashen Public ɗin nan, ka mayar da adireshin kan Obtain automatically. Ka ɗan riƙe tsohuwar mako guda ko biyu kana aiki da sabuwar, har ka sami faifan ajiya na waje ka ajiye kwafi na biyu. Sannan ka goge tsohuwar gaba ɗaya da Reset this PC, ka zaɓi Remove everything tare da share faifan sarai, domin akwai hotunan fasfo da takardun shaidar mutane a ciki, bai kamata su bi motar Zurmi ba. Ka gaishe mini da malamin, Allah ya sa ya more ta lafiya.