DARASIN WATA: MAI SABUWAR SANA'A, KADA KA CI UWAR KUƊI

Darasinmu na wannan wata a kan fara sana'a ne.

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Dukawuya a birnin Kano zai ga ƙananan shaguna da tebura a bakin titi. Ga mai shayi, ga tela, ga mai ƙosai. Wasu sun yi shekara da shekaru a wurin. Wasu kuwa ko wata uku ba sa cikawa sai ka ga shago a kulle. Haka abin yake a ƙauyukanmu. Me ke kawo haka? Sau da yawa ba rashin ciniki ba ne. Mai sana'ar ne ya cinye uwar kuɗinsa bai sani ba.

Ga misali. Wata mata ta fara tuyar ƙosai da jarin naira 20,000. Ta sayi wake da mai da itace da kayan yaji. Da ta sayar duka, sai ta sami naira 24,000. Ribarta naira 4,000 ke nan. Amma da ta ga kuɗi a kwano, sai ta kai gudummawar biki naira 5,000. Ta yi cefanen naira 3,000. Ta ranta wa maƙwabciya naira 1,000. Ranar sayen wake, kuɗi ba su kai ba. To, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mu dubi wani wanda ya riƙe jarinsa. An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro. Ya tashi da tattali da tanadi, ya shiga fataucin goro zuwa Gwanja. Da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912. Ɗantata ya shiga sayen gyaɗa, domin yana da jari a hannu kuma mutane sun yarda da shi. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ya kai ajiya. Ya rasu a 1955.

Don haka, kafin ka yanke shawara, ka tuna da waɗannan:

1. Ka koyi sana'ar a wurin mai ita kafin ka zuba kuɗinka.
2. Ka fara da kaɗan. Kada ka sayar da gona ko hatsin gida don jari.
3. Ka raba uwar kuɗi da riba. Daga riba ake ci.
4. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ka sa masa iyaka, ko da ɗan'uwa ne.
5. Ka sayi littafi. Kullum da dare ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Wannan na ƙarshe shi ne amfanin ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya rubutu da lissafi, shi zai san halin da jarinsa yake ciki.

TAMBAYOYI

1. Naira nawa suka rage wa mai ƙosai?
2. Naira nawa ta ci daga uwar kuɗi?
3. Da wane fatauci Ɗantata ya fara?

Ku rubuta amsoshinku, ku nuna wa malamin ajinku. Allah ya sa wa nema albarka.