Kafin ka ambaci dangin wanda ake zargi da tsohon kisa

Duk wanda ke son rubutu a kan kisan da aka yi shekaru da dama ba a gano mai laifi ba, ko a littafi ne ko a jarida ko a Facebook, ya sani cewa shari'ar ba ta mutu tare da mamacin ba. 'Ya'ya da jikoki suna nan da ransu, kuma doka ta san da zamansu.

Da farko ka raba mamaci da mai rai. A dokar Ingila ba a shigar da ƙarar ɓata suna a madadin wanda ya rasu. Shi ya sa marubuta suka yi ta laƙaba wa mutane daban-daban kashe-kashen matan da aka yi a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888. A 2002 Patricia Cornwell ta fitar da littafi tana ɗora laifin a kan mai zanen nan Walter Sickert, wanda ya mutu tun 1942. Mai rai kuwa lamarinsa daban ne. A Amurka, bayan tashar CBS ta nuna wani shiri a 2016 da ya karkata zargin kisan yarinya JonBenét Ramsey, na 1996, zuwa ga yayanta Burke, wanda yake ɗan shekara 9 a lokacin kisan, sai ya maka tashar a kotu yana neman diyyar dala miliyan 750. A 2019 aka sasanta a wajen kotu.

Na biyu, kada ka ɗauka a Najeriya ma mamaci ba shi da kariya. Dokar Penal Code da Arewa ta gada ta ce jingina wa mamaci abin kunya da nufin ɓata wa iyalinsa rai na iya zama ɓata suna, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 2, ko tara, ko duka biyun. A Kudu ma Criminal Code ta ba da damar gurfanar da mutum saboda mamaci, idan Babban Lauyan Gwamnati ya amince.

Na uku, ka bi matakin da maganar ta tsaya a kotu. Wanda aka kama daban, wanda aka gurfanar daban, wanda aka yanke wa hukunci daban. Dubi kisan Kudirat Abiola a Legas a 1996: babbar kotu ta yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha hukuncin kisa a 2012, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta wanke shi a 2013. Wanda ya kawo rabin farko ya ɓoye na biyu ya zalunci mai karatu, ya kuma jefa kansa cikin haɗari.

Na huɗu, "an ce" da "ana raɗe-raɗin" ba sa ceton kowa. Wanda ya maimaita ƙazafi, ko ya tura shi a WhatsApp, doka na iya kama shi kamar wanda ya ƙirƙira. Idan ka kare kanka da cewa gaskiya ka faɗa, kai ne za ka kawo hujja.

Na biyar, ka tambayi kanka me sunan ɗa ko jika ya ƙara wa labarin. Jimla irin "iyalinsa sun sani suka rufa masa asiri" zargi ne sabo a kan mutanen da ke raye, waɗanda ke zuwa kasuwa da masallaci, suke neman wa 'ya'yansu aure. Idan ba ka da takardar kotu ko mai shaidar da zai tsaya ya maimaita maganarsa a gaban alƙali, goge jimlar. Idan dole ne ka ambace su, ka tuntuɓe su, ka buga amsarsu yadda suka faɗa, sannan ka ba lauya ya duba kafin rubutun ya fita.

Idan kuwa danginka aka taɓa, kada ka rama da zagi. Ka ɗauki hoton rubutun da kwanan watansa, ka sa lauya ya nemi a janye maganar a kuma ba da haƙuri a fili, tun lokacin shigar da ƙara bai wuce ba.

Magana zarar bunu ce. Ka binciki tarihi iyakar ƙarfinka, amma kada ka ɗora wa jika laifin da ko kakansa ba a tabbatar masa ba.